Haladu Tela da Wasan da Bai Gani Ba

Duk Gude babu wanda bai san cutar Haladu Tela ba. Ba ta jiki ba ce, ta baki ce. Mutumin nan ba ya iya ganin abu biyu bai jera su ba, ya ce wannan ne na ɗaya, wancan na biyu. Ka kai masa ɗinki, kafin ya gama auna kafaɗarka ya lissafo maka masu tsiren da suka fi iya yaji daga Kabo har Gwarzo, da wanda ke gaba da wanda ke bi masa. To amma duk wannan somin taɓi ne. Inda cutar ta fi kama shi shi ne ƙwallo, kuma a ƙwallon ma ba manyan ƙungiyoyi ne suka dame shi ba. Shi dai a ba shi labarin ranar da ƙarami ya kayar da babba.

"Na ɗaya a tarihin duniya," in ji shi, ƙafa na taka keke, hannu na nuni da almakashi, "Leicester ce, shekarar da ta ɗauki Firimiya, alhali kafin nan saura ƙiris ta faɗa rukunin ƙasa. Na biyu Girka da kofin Turai. Na uku Senegal da ta kunyata Faransa a wasan buɗe Kofin Duniya. Saudiyya da ta doke Ajantina sai dai ta yi haƙuri da na huɗu, ko da yake ƙasa mai tsarki ce."

A Gude ana saurarensa, don ba a da wani aikin yayin jiran ɗinki. A Gwarzo ne ake cin fuskarsa. Can yake zuwa kallo duk ƙarshen mako a kan tsohon babur ɗinsa, gidan kallon wani mai suna Ɗayyabu, mutum mai ƙaton ciki da bakin da ya fi cikin girma. Da Haladu ya fara lissafinsa sai Ɗayyabu ya rage sautin talabijin, ya ce, "Jama'a ku yi shiru, farfesan ƙauye zai yi magana. Kai Haladu, garin da ake kafa gola da karan dawa shi ne zai jera mana tarihin duniya?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Haladu ma yakan yi dariyar, amma wallahi abin yana ci masa rai.

Haushin nan ne ya sa ya tara samarin Gude ya kafa ƙungiya. Shi ne koci, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ya ɗinka musu jesi da ragowar yadin mutane, shi ya sa koren nasu bai taɓa zama iri ɗaya ba. Mutanen Gwarzo suka laƙaba musu 'Yan Fartanya don ba'a. Haladu ya ce sunan ya yi, ya ɗinka hoton fartanya a ƙirjin kowace riga.

Golansu kuwa ɗan gida ne, Ubaidullahi, ɗan yayansa marigayi Gali. Dogo ne, ba shi da surutu, hannuwansa kamar faifai. Ranar da Gali zai cika, hannun Haladu ya riƙe ya ce, "Ga Rahamatu ga yara, amana." Haladu ya amsa da kuka. Tun daga nan yake ɗinka musu kayan salla, yana leƙa su safe da yamma, sai dai gona kam bai taɓa taka musu ba. Shi da fartanya sai a ƙirjin jesi.

Akwai kofin da wani ɗan kasuwa, Alhaji Muhammad Nur, yake sakawa duk shekara tsakanin garuruwan Gwarzo da Kabo, ana ce masa Kofin Zumunci. Zumuncin dai a suna ya tsaya, don tun da aka fara shi Zaratan Tasha na cikin garin Gwarzo ne ke ɗauka. Ɗayyabu ne shugabansu, kuma ba ya kunyar ɗauko 'yan wasan haya daga birnin Kano. Kofin ya daɗe a kan kantar gidan kallonsa har gindinsa ya yi shaida a katako.

Shekarar da ake magana, 'Yan Fartanya suka shiga. Aka ce sun zo cika lissafi. Sai suka fitar da 'yan garin Mainika, aka ce sa'a ce. Suka fitar da 'yan cikin garin Kabo da ci ɗaya mai ban haushi, aka ce alƙalin wasa ne. Da suka tsallake wasan kusa da na ƙarshe, masu cewa sa'a suka fara yin shiru. Aka sa ranar wasan ƙarshe, wata Asabar bayan la'asar, a babban filin Gwarzo, Zaratan Tasha da 'Yan Fartanya. Haladu ya daina cin abinci sosai. Wanda ya kai masa ɗinki a makon nan, Allah ya ba shi haƙuri, don akwai wanda aka ɗinke wa aljihu ta ciki da waje.

Amma fa a Gude ba ƙwallo ce kaɗai ke hana mutane sukuni ba. Damina ta yi jinkiri. Hadari ya haɗo, iska ta watsa shi, gobe ma haka. An fita roƙon ruwa, an yi sadaka, iri na nan a ƙulle, kowa ido a sama. Sai ranar Asabar ɗin nan, ana idar da sallar asuba, sama ta ɓalle. Ruwa ne na gaske, irin wanda ake kira ruwan shuka. Bai ɗauke ba sai da hantsi, rana kuma ta fito tas kamar an wanke ta.

Kowa na hamdala, Haladu na salati. Ya bi gidajen 'yan wasansa ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da sauƙi, don kowane yana da uba ko yayye ko ƙanne da za su riƙe masa gona. Da ya karyo kwanar gidan marigayi Gali kuwa, sai ga Ubaidullahi a ƙofar gida da sungumi a kafaɗa, wato doguwar fartanyar nan da ake saran ramin shuka da ita. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, bai ɗago ido ba.

Haladu ya yi sallama ya shiga. Rahamatu, matar marigayin, tana tsakar gida tana juye irin gero a ƙwarya. Mace ce 'yar siririya, jinin makiyaya, maganarta ba yawa amma in ta faɗi ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Kuma tana da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da ta haifi Ubaidullahi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta yabonsa, ba ta kallonsa a gaban mutane. In za ta ambace shi wurin Haladu sai ta ce "ɗan naka".

"Yaya, ina kwana? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Malam Tela. Ya iyali?"

"Lafiya ƙalau. Yaya, yau fa ita ce ranar."

"Na sani," in ji ta. "Yau ce ranar shuka."

Haladu ya gyara tsugunno. Ya ce ai ana iya bari sai gobe. Ta ce, "Gonar yayanka jigawa ce, ko tun da ka hau keken ɗinki ka manta? Rairayi ba ya riƙe laima. Ranar nan da ta fito, kafin gobe war haka ta shanye rabin ruwan. Irin nan kuma shi ke nan gare ni, wanda yayanka ya bari ne nake juyawa duk shekara. In ya ƙone a ƙasa, kofin za mu dafa?"

Ya ce to a kira gayya. Rahamatu ta dube shi kamar ya yi saɓo. "Gayya ranar shuka? Gayya ta noma ce da girbi, lokacin da wani ya gama wani bai gama ba. Yau kowa tasa ta fisshe shi. Ko ɗan ƙwadago ba za ka samu ba."

Ya ce to yaro ya yi sara zuwa azahar, sai ya ɗauke shi a babur. Bai rufe baki ba ya ji wautar maganar. Gonar aikin yini guda ce cur. Kuma hannun da ya yini yana ɗaga sungumi, ina zai iya ɗaguwa ya tare ƙwallo?

Ya fita zaure ya kira Ɗayyabu a waya, ya ƙasƙantar da murya, abin da bai taɓa yi ba, ya roƙi a ɗaga wasan. Dariyar Ɗayyabu har Ubaidullahi ya jiyo ta daga waje. "An kafa rumfuna, an gayyaci masu sarauta, sai a ɗage don an yi ruwa a ƙauye? In kun ji tsoro ku faɗa. Bayan la'asar alƙalin wasa zai busa, ko da ku ko ba ku."

Haladu ya koma ciki jiki a sanyaye. Ba su da wani gola. In babu Ubaidullahi, gara ma kada a je.

Rahamatu ta ɗaure bakin buhun iri, ta ce, "A gidanmu, in ka ari sa ranar huɗa, sai ka ɗaure wani a turkensa. Wanda ya cire hannu daga gona shi ke mayar da hannu. Ɗauki ɗan naka ya tafi. Ni dai ka bar min hannu biyu."

"Yaya, wa zan samo yau?"

Hannuwansa kawai ta kalla, hannuwan tela masu laushi, da zoben azurfa a ɗan yatsa.

Kai jama'a! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin labarin ƙananan da suka kayar da manya a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, yau ga nasa ya zo har ƙofar gida, a ce ba zai gani ba? Zuciyar Haladu ta yi baƙi ƙirin. Ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Ya daɗe a tsugune yana kallon ƙwaryar gero, sannan ya miƙe ya fita, ya zare sungumin daga kafaɗar Ubaidullahi.

"Baffa, a'a," in ji yaron.

"Rufe min baki. Je ka ce wa Salisu kyaftin shi ne koci yau. Kuma ka saurare ni. In aka ba su fenareti, kada ka kalli idon mai bugawa, ido maƙaryaci ne. Kalli ƙafar da ya kafa a ƙasa. Inda babban yatsanta ya nuna, can ƙwallo za ta."

Haka Haladu Tela ya shiga gona, da agogonsa da takalminsa sau-ciki. Aikin a baki ba wuya. Mai sungumi na gaba yana tafiya yana sara, taki ɗaya rami ɗaya, mai iri na biye tana zubawa tana rufewa da dunduniya. Gali in yana yi, har waƙa yake. Haladu kuwa saran farko ya kusa raba kansa da yatsan ƙafa. Layinsa na farko ya tashi daga gindin kuka da niyyar zuwa iyaka, sai ga shi ya nufi gonar maƙwabci.

"Malam Tela," in ji Rahamatu daga baya, "haka kake ɗinki?"

"Ɗinki da alli ake zanawa, Yaya."

"To kafa idonka a kan gawon can, ka daina kallon hanya."

Hanyar kuwa ita yake kallo, da wayarsa. A gonar nan babu sabis sai a kan wani suri da ke tsakiya. Duk layi biyu sai Haladu ya ajiye sungumi ya haye surin yana ɗaga waya sama, wai zai ji ko yara sun ci abinci, ko motar da za ta kai su ta zo. Da ya hau na uku Rahamatu ta miƙa hannu. Ya ba ta. Ta kashe, ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce duk hawa ɗaya layi ɗaya ne ya tafi.

Kafin azahar tafin hannunsa ya ɗuri ruwa. Bayan sun yi salla a gindin kuka ruwan ya fashe, ƙotar sungumi ta fara jan jini. Bayansa kuwa kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Rahamatu ta dama masa fura, ta yage bakin tsohon ɗankwali ta ba shi ya naɗe hannun. Don ya manta da zogi sai ya koma ga abin da ya iya, ya fara jero mata na ɗaya da na biyu. Ta saurara har ya kai ƙarshe.

"Su waɗannan na ɗayan," in ji ta, "me suke nomawa?"

"Ba sa noma, Yaya. Turawa ne, ƙwallon ce sana'arsu."

"To me suka bari a gida suka tafi wasan?"

Haladu ya yi tunani. "Ba su bar komai ba."

"Allah sarki," in ji ta, ta ɗauki ƙwaryarta.

Ba su daɗe da komawa ba sai ga ayarin gari a kan hanya. Masu hannu da yawa sun gama tasu shukar, sun yi wanka, sun hau babura da a-kori-kura, ga kalangu, ga tutar da shi Haladu ya ɗinka da hannunsa. Suka tsaya a bakin gona suna hon. "Koci! Koci! Hau mu tafi, akwai wuri!"

Haladu ya tsaya cak. Ya dubi motar, ya dubi gonar. Rabi na nan ba a taɓa ba, saman ƙasar har ya fara yin fari.

"Je ka," in ji Rahamatu, ba tare da ta ɗago ba. "Ka yi ƙoƙari. Ban riƙe ka ba."

Da ta yi masa faɗa, da wataƙila ya tafi. Wannan maganar ce ta kashe masa jiki. Ya tuna hannun Gali a cikin nasa, da yadda ya amsa amana da baki ya bar yaro da gona shi kaɗai duk shekarun nan. Kunya ta kama shi. Ya ɗaga wa ayarin hannu ya ce su gaida Gwarzo, ya juya musu baya, ya kafa ido a kan gawo. Hawaye na zuba, yana sara. Rahamatu ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

La'asar ta yi, suka yi salla. Haladu ya san yanzu an busa. Yana sara yana buga wasan a kansa. Yanzu Salisu ya karɓi ƙwallo. Yanzu 'yan hayan nan sun taso. Yanzu an tafi hutun rabin lokaci, wa zai ce wa 'yan baya su daina hawa? Sau biyu ya buɗe baki zai roƙi wayarsa, ya haɗiye. Hannun ya daina zafi, ya koma kamar ba nasa ba. Abin mamaki, layukan yamma sun fi na safe miƙewa.

Rana ta yi ja, saura 'yar kusurwa ta wajen iyaka, sai suka jiyo wani abu daga nesa. Haladu ya tsaya da sungumi a sama. Hon ne, ba na babur ɗaya ba, ba na goma ba. Ga kalangu, ga ihu, ga guɗa. To, wanda aka ci a sulale yake shigowa gari, ba ya hon.

Ya zauna daɓas a kan ramin da ya sara.

Ayarin bai shiga gari ba, gonar ya nufo. Samari suka diddiro da jesinsu duk taɓo, Salisu na gaba da kofi a ka, kowa na magana lokaci guda. Da ƙyar Haladu ya tsinci labarin. Ɗaya da nema! Salisu ne ya ci da ka daga bugun kwana tun kafin hutu. Daga nan Zarata suka tare a gidan 'Yan Fartanya kamar ƙudan zuma, ta sama ta ƙasa, Ubaidullahi na kaɗewa. Ana gab da tashi alƙalin wasa ya ba Zarata fenareti. Ɗan hayan da suka fi ji da shi ya ajiye ƙwallo, ya kalli dama. Ubaidullahi ya faɗa ɗaya gefen, ya rungume ta a ƙirji.

"Ƙafarsa na kalla, Baffa," in ji yaron a hankali.

Haladu ya rungume shi, ya ɓata masa jesi da jinin hannu, yana faɗin, "Raina kama ka ga gayya! Gude! Gude!"

Ubaidullahi ya karɓi kofin ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Rahamatu ta kawar da kai gefe, ta gyara riƙon ƙwarya, ta ce wa iska, "Akwai sauran shuka, magariba na zuwa." Nan take zakarun Kofin Zumunci suka bazu a kusurwar, wasu na tona rami da hannu, wasu na rufewa da takalmin ƙwallo. Salisu ya zo karɓar sungumi, Haladu ya hana. Ya ce layin ƙarshe nasa ne, kuma shi ya sare shi har iyaka.

Mako na zagayowa ya hau babur ya tafi Gwarzo, hannu a naɗe, hula a karkace. Ya shiga gidan kallon Ɗayyabu, ya kalli shaidar da gindin kofi ya bari a kan kanta, ya yi gyaran murya. Ya ce lissafi ya canza. Daga yau na ɗaya a tarihin duniya Gude ce, Leicester ta matsa ƙasa.

Ɗayyabu ya rame a makon nan, amma bakin na nan. Ya ce, "An ci mu, ban musa ba. Amma kai Haladu, gani ya kori ji. Duk wanda ke ɗakin nan ya ga wasan, har mai sayar da rake ya gani. Kai kana ina? Na Turawa ka gani a talabijin ɗina, shi ya sa muke ƙyale ka ka jera. Wannan fa? Labari aka ba ka, kamar makaho a gidan biki."

Aka yi dariya. Wani ya tausaya ya miƙo masa waya ya ga bidiyon fenaretin. Ana ajiye ƙwallo, ana takowa, sai mai ɗaukar ya yi tsalle, hoton ya koma sama da fuka-fukin wata shirwa. Haladu ya mayar da wayar. Ya koma gida ransa a ɓace, don maganar Ɗayyabu ta same shi inda ke ciwo.

Ga kuma wata damuwar da ta fi wannan. Tun ruwan Asabar ɗin nan sama ta sake ɗaurewa. Waɗanda suka bar shuka sai washegari suka fara kuka, don nasu ya fito jefi-jefi, wani wurin ma ko ɗaya. Haladu ya kasa zuwa gonar. Yana tsoron kada a ce ramukan tela ne ba su yi zurfi ba, ko sun yi zurfi da yawa, irin Gali ya mutu a hannunsa.

Wata safiya Rahamatu ta aiko ya same ta a gona. Ya hau babur ya tafi. Da ya zagayo kukar sai ya ja birki, ya manta bai kafe babur ba har ya faɗi.

Gonar ta yi kore shar daga kuka har iyaka. Tsiron gero ne ƙanana, sun jeru a layuka, layukan kuwa kowa ya gani ya san ba manomi ya sare su ba. Na safe sun karkace sun nufi maƙwabta, na rana sun ɗan shiryu, ga wani wagegen lanƙwasa daidai inda ayari ya tsaya yana hon.

"Layinka kamar tafiyar maciji," in ji Rahamatu. "Na zaga shi duka. Babu gurbi ko ɗaya."

Haladu ya tsuguna ya shafa tsiro ɗaya da yatsa. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Sai ya tsinci bakinsa yana ba ta labarin abin da Ɗayyabu ya faɗa, wai ba shi da bakin jera wasan da bai gani ba.

Ta taɓe baki. "Ka ce masa ya zo ya ga inda ka buga naka."

Can a ƙarshen gonar Ubaidullahi na gyara shingen ƙaya saboda awaki. Rahamatu ta juya masa baya sosai, ta kafa ido a kan gawo, ta rage murya kamar mai tambayar abin kunya.

"An ce ɗan naka ya tare wata ƙwallo."

"Ya tare, Yaya. Duk Gwarzo da Kabo maganar da ake ke nan."

"A lissafin nan naka da kake damun mutane da shi, na nawa ne?"

"Na ɗaya."

"Har gaban Turawan?"

"Gabansu nesa. Ai ke kika faɗa, su ba su bar komai a gida ba."

Rahamatu ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Ta daɗe a haka, kafaɗunta na rawa, Haladu bai san ko dariya take ko kuka ba, bai kuma tambaya ba. Da ta sauke mayafin idonta ya yi ja. Ta ɗauki ƙwaryar furarta ta ɗora a ka, ta kama hanya, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Malam Tela."

"Na'am, Yaya."

"Kada ka gaya masa na tambaya."